Kakin Soja da Ruwan Baftisma

Duk wanda ya yi kiwon ikkilisiya a ƙauyukan arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Ungogo zuwa Ɗambatta, ya san yadda ƙasar take. Gida na kallon gida, gona na jingine da gona, babu daji, babu saura. Fili ɗaya ake nomawa kowace damina tun kaka da kakanni, da ƙarfin takin turke da na jujin birni. Gandun da ya ciyar da babban gida a zamanin kakanninmu an raba shi gado sau biyu ko sau uku, har abin da ya kai ga saurayin yau bai wuce 'yan kunyoyi ba. Saboda haka in hukumar soja ta buɗe ɗaukar kurata, samarinmu suna cikin masu rububin cike takarda. Uba yakan zo ya ce, "Baba Fasto, yaron nan zai tafi Zariya, a sa masa albarka." Mukan ɗora hannu mu yi addu'a, ya kama hanyar makarantar horar da kurata, wadda take can tun 1924.

Da wuya a ji wanda ya tsaya ya tambaya ko mai bin Yesu yana da izinin sa kaki ya ɗauki bindiga. Alhali akwai zamanin da aka fille wa mutane kai a kan tambayar nan, a nahiyarmu ta Afirka kuwa. Ya kamata mai hidima ya san yadda aka yi ta, domin amsar da muke bayarwa a yau gado muka ci, kuma gadon ya zo da sharuɗa waɗanda suka zube a hanya.

Abin da Sabon Alkawari ya bari a buɗe

Sojoji sun zo wurin Yohanna Mai Baftisma suna neman abin da za su yi. Bai ce su tuɓe kayan aiki ba. Ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya umarce su su dangana da albashinsu (Luka 3:14). Ubangijinmu ya yabi bangaskiyar jarumin soja na Kafarnahum fiye da ta kowa a Isra'ila (Matiyu 8). Karniliyas na Kaisariya, wanda Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa a gaban Bitrus, hafsan sojan Roma ne (Ayyukan Manzanni 10). Bulus kuma ya koyar cewa takobin da ke hannun mai mulki Allah ne ya ba shi domin hukunta mugu (Romawa 13). A ɗaya gefen ga Huɗuba a kan Dutse, da umarnin ƙaunar maƙiyi da juya ɗaya kumatun (Matiyu 5), ga kuma daren Getsamani inda aka ce wa Bitrus ya mai da takobinsa kube (Matiyu 26:52). Duk ɓangarorin biyu da suka yi gardamar nan shekara dubu biyu daga cikin ayoyin nan suka ɗebo hujja. Wanda ya ce aya guda ta kashe magana bai karanta sauran ba.

Shahidan Afirka ta Arewa

Wanda ya fara rubutu mai tsawo a kan batun shi ne Tertuliyan, mutumin Kartaj, a ƙasar da ake kira Tunisiya yanzu. Wajen shekara ta 211 aka yi rabon kyautar sarki ga sojoji. Al'ada ce kowa ya zo karɓa da rawanin ganye a kansa. Wani soja mai bi ya ƙi sawa, ya riƙe nasa a hannu. Da aka tambaye shi dalili ya ce shi Kirista ne, aka tuɓe masa kayan soja aka jefa shi kurkuku. Abin lura a nan shi ne, akwai waɗansu masu bi a cikin rundunar da suka sa nasu rawanin ba gardama, har 'yan ikkilisiya suka riƙa gunaguni cewa wannan mai zafin kai zai ja musu tsanani. Tertuliyan ya ɗauki alƙalami ya kare shi.

Dalilansa uku ne, kuma ya kamata a rarrabe su. Na farko rantsuwa: wanda ya riga ya yi wa Almasihu alkawari a ruwan baftisma, yaya zai sake rantse wa Kaisar cewa ransa nasa ne? Na biyu bautar gumaka: sansanin sojan Roma wurin tsafi ne, ana yi wa tutoci sujada, ana yanka domin alloli da kurwar sarki, soja yakan yi gadin haikalin gunki. Na uku jini: a ganinsa, ran da Ubangiji ya karɓe takobin Bitrus ya kwance wa kowane soja ɗamara. Duk da haka ya bambanta wanda bishara ta tarar yana cikin aiki da wanda ya yi baftisma sa'an nan ya tafi neman aikin da ƙafarsa.

Wani tsohon littafin tsarin ikkilisiya na ƙarni na uku, wanda ake jingina wa Hifolitus na Roma, ya bi wannan rabo. Sojan da ya zo neman baftisma a karɓe shi, amma a koya masa kada ya kashe mutum ko da an umarce shi, kada kuma ya yi rantsuwa. Ɗan ajin baftisma ko mai bi da ya nemi shiga soja kuwa, a sallame shi. Orijin, mutumin Iskandariya ta Masar, ya amsa wa wani arne mai suna Kelsus, wanda ya yi ƙorafi cewa in kowa ya bi halin Kirista, sarki zai wayi gari ba mai tare masa abokan gaba. Orijin ya ce masu bi rundunar addu'a ce, suna taimakon sarki kamar yadda firistoci suke yi ba tare da sun ɓata hannu da jini ba. Wannan wajen 248 ke nan.

Labarin da ya fi taɓa zuciya na wani saurayi ne, Makzimiliyan, ɗan shekara 21. A ranar 12 ga Maris 295 aka kawo shi gaban gwamna Diyon a Tebesa, cikin Aljeriya ta yau, tare da mahaifinsa, domin a shigar da shi soja. Aka auna tsawonsa aka ga ya kai. Aka zo rataya masa tambarin dalma na kurata a wuya, ya ƙi, ya ce yana ɗauke da tambarin Almasihu. Gwamna ya lallashe shi, ya tuna masa cewa har a cikin dogaran sarakuna akwai Kirista. Saurayin bai zage su ba, bai kuma kafirta su ba. Ya ce su suka san abin da ya dace da su, shi dai ba zai iya ba. Da aka yanke masa hukuncin kisa, sai ya roƙi mahaifinsa ya ba hauni sabuwar rigar da aka ɗinka masa domin shiga soja. Aka kai gawarsa Kartaj aka binne kusa da kabarin Bishof Sifiriyan. Bayan shekara uku, a 298, wani hafsa mai suna Marselus ya kwance ɗamararsa ya jefar a tsakiyar bikin ranar sarki, aka kashe shi a Tanja ta Maroko.

Masu bincike har yau suna jayayya a kan abin da ya fi damun mutanen nan, gunki ne ko jini. A ganinmu ba su raba biyun ba. Wani abu dai ya tabbata: malamai suna hani, amma masu bi suna cikin runduna. Shi kansa Tertuliyan, a littafin da ya kare bangaskiya a 197, ya yi taƙama cewa Kirista sun cika birane da kasuwanni da sansanonin soja. Tsananin Sarki Diyokletiyan ma da tankaɗe masu bi daga cikin soja ya soma, kuma ba a tankaɗe abin da babu shi.

Da sarki ya zama ɗan ikkilisiya

A 312 Konstantin ya ci yaƙin gadar Milbiya da alamar Almasihu a garkuwoyin mayaƙansa, a 313 kuma aka ba masu bi 'yancin sujada. Daga nan matsalar yanka wa gumaka ta fara gushewa daga sansani. Shekara ɗari da 'yan kai bayan haka doka ta juye sarai, ya zama arne ne aka hana aikin soja. Saura tambayar jini.

Wanda ya amsa ta shi ma ɗan Afirka ne, Agustin, bishof na Hifo, garin da ake kira Annaba yanzu a Aljeriya. Wajen 418 ya rubuta wa wani babban hafsa mai suna Bonifas cewa kada ya zaci mai riƙe da makami ba zai iya faranta wa Allah rai ba, ya kawo masa misalin Dawuda da Karniliyas. Amma a karanta sauran wasiƙar. Ya ce salama ita ce abin nema, yaƙi kuwa tilas ce kawai take kawo shi. Alkawarin da aka yi ko da abokin gaba ne sai a cika. Wanda aka ci da yaƙi ko aka kama, jinƙai ya wajaba a kansa. Ya gargaɗe shi da tsare gadon aurensa, da nisantar maye da kwaɗayin dukiya. Mutane da yawa ba su san cewa Agustin ɗin nan bai yarda mai bi ya kashe mutum domin kare kansa shi kaɗai ba. Izinin da ya bayar na wanda hukuma ta ɗora wa tsaron waɗansu ne. Daga baya Tomas Akwinas ya tattara koyarwar cikin sharuɗa uku: halaltacciyar hukuma, dalili na gaskiya, da kyakkyawar niyya. Agustin ya rasu a 430, mayaƙan Bandal suna kewaye da garinsa.

Akwai bishof biyu na zamanin da ba mu cika ambatonsu ba. Basil na Kaisariyar Kafadokiya ya rubuta a 374 cewa iyayenmu ba su lasafta kisan fagen fama a matsayin kisan kai ba, amma ya ba da shawara wanda ya kashe a yaƙi ya dakata daga Jibin Ubangiji shekara uku, domin hannunsa ba shi da tsabta. Ambros na Milan kuwa, da sojojin Sarki Tiyodosiyus suka karkashe dubban mutane a Tasalonika a 390, ya hana sarkin teburin Ubangiji sai da ya tuba a gaban jama'a. Ikkilisiyar da ta halatta kaki ita ce kuma ta tsare wa sarki ƙofa.

Zamanin Gyaran Ikkilisiya bai kawo sabon abu mai yawa ba. Martin Luta ya rubuta ɗan littafi a 1526 yana cewa soja ma yana iya samun ceto a cikin aikinsa, amma in ya tabbata shugabansa ne mai laifi, to ya ji tsoron Allah ya ƙi fita. A 1527 'yan Anabaftis suka taru a Shilaitam suka ce takobi ba na almajiri ba ne ko kaɗan. Anglikan kuma, a ƙa'ida ta 37 cikin ƙa'idodinsu 39, suka ce halal ne Kirista ya ɗauki makami bisa umarnin hukuma. Duk koyarwar nan ta shigo jirgin ruwa ta iso Nijeriya.

A Kano bindiga ta riga bishara

A 1900 Bishof Tugwell na mishan ɗin CMS, tare da Likita Walter Miller da abokan tafiyarsu, suka iso Kano. Sarki Alu ya ba su kwana uku su bar masa gari. Bayan shekara uku, ranar 3 ga Fabrairu 1903, Kanar Morland ya shiga birnin da igwa da bindiga mai ruwa, Sarki yana Sakkwato. Turawan da ke cikin rundunar ba su kai 50 ba. Sauran, fiye da 700, baƙar fata ne, da yawansu Hausawa. Asalin rundunar ma daga Hausawa ne, domin sojan Nijeriya yana ƙirga haihuwarsa daga 1863, lokacin da Glover ya tara waɗansu Hausawa a Ikko, galibi bayin da suka gudu, ya ba su bindiga. Amma a idon talakan Kano suna ɗaya ne ya rufe mai igwa da mai Linjila: Nasara. Wannan suna ya bi mu har yau, kuma duk sa'ad da Bamaguje ko Bahaushe ya karɓi baftisma, yakan ɗauki nauyin yaƙin da ba kakansa ne ya yi ba.

Abin mamaki, cin ƙasar bai buɗe wa 'yan mishan ƙofa ba. Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba, gwamnati kuwa ta tsare masu wa'azi a wajen masarautu shekara da shekaru. Sai daga 1937, da aka danƙa wa mishan ɗin SIM kula da kutare a Kano da Katsina da Sakkwato, aka sami kafa. A nan arewa da birni, asibitin Yadakunya ya zama ɗaya daga cikin wuraren da mutanen karkara suka fara jin bishara da harshensu, cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka gama bugawa a 1932. Daga baya aikin ya yaɗu ta Roni a ƙasar Kazaure, da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa, da unguwannin Maguzawa.

Kafin ƙananan ikkilisiyoyin nan su yi ƙarfi, Yaƙin Duniya na Biyu ya zo. Ta hannun hakimai da dagatai aka tara samari, aka kai Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ƙasar Bama, suka yi yaƙi da Jafan a kwarin Kaladan da yankin Arakan a 1944 da 1945. Sunayen wuraren suna nan a barikokinmu: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya. Hausa ce harshen runduna. Ran rantsuwa Musulmi ya dafa Alƙur'ani, Kirista ya dafa Littafi Mai Tsarki, mai addinin gargajiya kuma ya rantse da ƙarfe. 'Yan mishan ɗin da suka koyar da iyayenmu yawancinsu daga ƙasashen da ke cikin yaƙin suka fito, 'yan'uwansu na jini suna fagen fama. Ba su kawo mana gardamar Tertuliyan ba.

Duk da haka dattawanmu na ƙauye suna da tasu damuwa game da soja, kuma in an duba da kyau ta yi kama da ta Kartaj. Ba su cika maganar jini ba. Abin da suke tsoro shi ne bariki. Kalmar kanta ta nuna: in an ce wane ɗan bariki ne, ba yabo ba ne. Giya, caca, matan da ba na aure ba, da yaron da ya dawo ba ya rusuna wa babba. Na biyu kuma laya. Mutumin da jiya ya ƙone kayan tsafin gidansu, ya daina yanka wa iskoki, yau ɗansa zai tafi inda harsashi yake, sai ga kawu ya zo da guru da kambu da maganin ƙarfe, yana cewa addu'a daban, tsari daban. Duk faston da ya yi aiki a cikin Maguzawa ya san wannan gwaji. Rawanin ganyen da sojan nan ya ƙi sawa a 211 da gurun da ake ɗaura wa kurtu a kugu, tambaya ɗaya suke yi: wa yake tsaron ranka? A nan dattawanmu sun tsaya daidai, ba su yi sassauci ba. Tambayar jini ce ba a yi ba.

1966 zuwa 1970

Ranar 1 ga Agusta 1966 Laftanar Kanar Yakubu Gowon ya zama shugaban ƙasa yana da shekara 31. Ɗan mai bishara ne na CMS, ya girma a Wusasa, inda mutanen Likita Miller suka koma da zama bayan sun bar birnin Zariya. Ga Kiristan Arewa, wanda aka saba kallonsa ba kowa ba, wannan babban abu ne. Kaki ya zama hanyar da ɗan ƙaramar kabila ko ɗan talakan ƙauye zai tsaya a gaban sarakuna ba ya tsugune ba. Ba za mu fahimci ƙaunar da ikkilisiyoyin Arewa suke yi wa aikin soja ba in mun manta da wannan.

Wata biyu bayan haka, ranar 1 ga Oktoba 1966, sojojin Bataliya ta 5 da ke Kano suka yi tawaye. Suka bi Inyamurai a filin jirgin sama, da tashar jirgin ƙasa, da Sabon Gari, suna harbi. Mutanen da suka mutu ba mayaƙa ba ne, matafiya ne da ma'aikata da 'yan kasuwa da iyalansu, akasarinsu masu zuwa sujada ran Lahadi. A Oktoba 1967 kuma, yaƙin basasa yana wata na huɗu, sojojin tarayya suka kashe ɗaruruwan maza farar hula a Asaba. Rundunar wancan lokaci cike take da 'ya'yan Tibi da Angas da Bacama da Zuru da sauran kabilun da bishara ta yi ƙarfi a cikinsu, saboda haka ba mu da bakin cewa laifin na waɗansu ne. Gowon ya fitar da dokar ɗa'a ga mayaƙa, wadda ta hana taɓa mata da yara da fursunoni da wuraren sujada, kuma da yaƙi ya ƙare a Janairu 1970 ya ƙi ramuwa, ya ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ka da. A wannan ya yi abin da Agustin ya roƙi Bonifas. Amma runduna ta kumbura daga wajen mutum 10,000 zuwa wajen 250,000 cikin wata 30, masu baftisma suna harbin masu baftisma, yara suna mutuwa da yunwa a bayan shingen yaƙi. Waɗanda suka dawo, da ganga da godiya aka tarye su. Ambros bai bayyana a cikinmu ba.

'Yan'uwa na Garkiɗa, da ƙofar bariki

Akwai ikkilisiya guda a Arewa da ta gaji ɗaya amsar. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, ta fito daga wata ƙungiya da aka kafa a Jamus a 1708, wadda ta ƙi ɗaukar makami tun asali. Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta farko a gindin tsamiya a Garkiɗa ranar 17 ga Maris 1923. Su ne kuma wutar Boko Haram ta fi ci. Yawancin 'yan matan Cibok 276 da aka sace a Afrilu 2014 'ya'yansu ne, a Oktoban shekarar kuma aka mamaye hedkwatarsu a Kwarhi. Shugabanninsu suka ci gaba da wa'azin gafara da hana ramuwa, suna binne matattu. Wanda zai ce koyarwar ƙin makami ta masu zaman daɗi ce, ya fara zuwa ya gaishe su.

Mu na Kano kuma muna da namu abin tunawa. A Disamba 1980 soja ne ya kawo ƙarshen rikicin Maitatsine, bayan mutum fiye da 4,000 sun mutu. A tarzomar Oktoba 1991 da ta Mayu 2004, dubban masu bi barikin soja da na 'yan sanda suka gudu da 'ya'yansu. An ce soja marmari daga nesa, amma a ranakun nan kusa muka so shi. Bayan harin 20 ga Janairu 2012, da na masu sujada a Jami'ar Bayero a Afrilun shekarar, da na babban masallacin Juma'a a Nuwamba 2014, sojan da ya tsaya a shinge, Musulmi ne ko Kirista, ransa ya sa a gaba domin mu duka. Ba daidai ba ne mu kwana a inuwar bindigarsa sa'an nan gari ya waye mu ce aikinsa haram ne ga 'ya'yanmu, halal ga 'ya'yan wasu.

Saboda haka matsayinmu shi ne mai bi yana iya zama soja. Nijeriya ba ta tilasta wa kowa shiga, runduna kuma tana da limaman Furotesta da na Katolika da na Musulunci, ba a sa kowa ya yi wa tuta yanka. Wanda lamirinsa ya hana shi, kamar Makzimiliyan, kada a kira shi matsoraci, shi ma kada ya hukunta ɗan'uwansa. Amma izinin nan na Agustin ne da Luta, kuma ba su ba da shi tsirara ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin yaro ya tafi Zariya ya kamata ya ji daga bakin fastonsa cewa akwai umarnin da ba a bi, ko da za a ɗaure shi: harbin wanda ya ɗaga hannu, ƙone gari saboda laifin mutum ɗaya, taɓa mace. Ya ji cewa ashirin ko hamsin ɗin da ake karɓa a hannun direba a shingen hanya ita ce ƙwacen da Yohanna ya hana. Ya ji kuma cewa izinin na halaltacciyar hukuma ne. Yanzu da 'yan bindiga suke taɓa ƙauyukan da ke iyaka da Katsina, wajen Tsanyawa da Shanono, samari za su zo suna neman a sa wa 'yan banga albarka. Gadin gari da sanin hukuma abu ɗaya ne, fita farautar rugar da ake zargi kuwa ramuwar gayya ce, babu uban ikkilisiya ko ɗaya da ya halatta ta.

Inda muka fi rauni shi ne ran dawowa. Sojan da ya yi shekara biyu ko uku a dajin Sambisa ko Zamfara yakan zo hutu, iyali su yi godiya ta musamman, a fito gaba da rawa da buhun dawa. Bayan nan sai matarsa ta zo a ɓoye ta ce, "Baba, ba ya barci, in yaro ya yar da kwano sai ya zabura." Ran Jibin Ubangiji sai a ga ya fita kafin a raba gurasa, ba wanda ya hana shi, ba kuma wanda ya tambaye shi. A cikin Shari'ar Musa mayaƙan da suka dawo da nasara sai sun yi kwana bakwai a bayan zango suna tsarkakewa (Littafin Ƙidaya 31:19). Dawuda, wanda ya yi yaƙe-yaƙen Ubangiji, an hana shi gina Haikali saboda jinin da ya zubar (1 Tarihi 22:8). Bayan yaƙin Hastings na 1066 a Ingila, bishof-bishof sun ɗora wa waɗanda suka yi nasara tuban shekara guda a kan kowane mutum da suka kashe. Ba muna cewa majalisar dattawa ta sa sojanmu a horo kamar wanda aka kama da zina ba, Basil ma bai kira shi mai kisan kai ba. Muna cewa mutanen dā sun ba shi lokaci da wuri da wanda zai zauna da shi ya ji abin da hannunsa ya yi, kafin a miƙa masa ƙoƙo. A ƙauyukanmu akwai tsofaffin sojoji da suka yi yaƙin basasa ko suka je Laberiya da Saliyo, waɗansunsu dattawan ikkilisiya ne yanzu, kuma su ne suka fi cancanta su zauna tare da fasto a irin wannan zama. Shawarar Basil kuwa tana nan har yau cikin littafin dokokin ikkilisiyoyin Gabas, ita ce ta 13.